Bugu Biyun Farko

Jiya da hantsi ku uku kuka zo mini aron ganga, wai za ku kai ta gidan biki tunda mai fiyanon da kuka kira ya ba ku kunya. Na tambaya wa zai kaɗa, ɗayanku ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Baba, ai kiɗa dukan fata ne." Na hana, kuka tafi kuna cewa tsoho ya cika rowa. Rowar na amsa ta. Amma tunda yau kun dawo, ku sami wuri ku zauna, ku ji abin da dukan fata ya jawo mini.

Gangar noma magana take yi. A zamaninmu duk manomin da ya isa yana da takensa, wato 'yan kalmomin yabo da ganga ke faɗa dominsa shi kaɗai. In ana gayya, an taru ana nome gonar mutum ɗaya, ya ji an buga takensa, sai ya ɗaga garma sama ya yi ihu. Wannan shi ne amsawa. Wanda bai san haka ba, hayaniya kawai yake ji.

Ni ba ɗan gidan kiɗa ba ne. A Tafoki aka haife ni, ubana manomi, kakana manomi, ni ma har take nake da shi. Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan da ya kashe shanu, ina gyaran jinkar rumbu na faɗo, bayana ya taɓu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Na miƙe, ina tafiya, amma duƙawa ta gagara. Da damina ta faɗi aka yi gayya, na je na zauna a gefen gona kusa da ƙoren fura. Makaɗi ya bi taken mutane ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan nawa ya tsallake, don ba a kiran wanda ba zai amsa ba. Bai yi laifi ba. Amma a ranar na san in ban sami abin da zai mai da ni cikin gona ba, zaman gefen nan zai kashe ni. Lokacin ina neman shekara arba'in.

Da kaka ta wuce na bar iyali a Tafoki, na hau keke sai bayan Pauwa, gidan Baba Ranau. Bamaguje ne, kuma daga Ƙanƙara har Sabuwa ba wanda bai san gangarsa ba. Na tarar da gida babba, ɗakuna jere, ba kowa ciki sai shi da kaji. Matarsa ta rasu, ƙanensa da suke kiɗa tare ya bi ta a shekarar fari. 'Ya'yansa kuwa kuɗin man fetur ya kwashe su, don lokacin ne samari suke ta barin garma suna tafiya leburanci. Ƙaramin yana Kaduna. Babban, ɗansa na fari, ya tafi Ikko, ba wasiƙa ba saƙo.

Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Gado ko haye?" in ji shi. Haye shi ne wanda ya hau sana'ar da ba ta ubansa ba.

Na ce, "Haye, Baba."

"Da wanga gemun?"

Na ce, "Ai gemu ba ya hana ilimi."

"Ilimi kam ba shi hanawa. Miƙo hannun in gani." Ya murza tafina kamar mai sayen fata, ya ce, "Wanga hannun garma ne. Sara ya sani. Ganga ko lallashi take so."

Na tambaye shi me zan riƙa kawo masa. Ya ce, "Gero ina da shi, mai ci ne babu. In ka iya, akwai aiken da zan ba ka. Shi ne ladata."

Wata biyu na farko ko taɓa ganga ban yi ba. Da hantsi sai mu zauna gindin ɗorawar da ke ƙofar gidansa, ya faɗi take da baki, in maimaita, ya ce ban hau inda ake hawa ba, in sake. Ƙato da gemu ina ta nanata magana ɗaya kamar ɗan yaye. In bakin ya zauna, sai ya kifa mini turmi in buga a kai. Dokarsa ɗaya ce, kuma kullum sai ya faɗe ta: "Abin da bakinka bai hwaɗa ba, hannunka ba zai hwaɗa ba." Na ƙosa har na ce masa rani zai ƙare ban ji ƙarar fata ba. Ya ce wanda ke sauri ya tafi Ikko, can ake sauri.

Zaman namu ba mai yawan magana ba ne. Ya ba ni ɗaya daga cikin ɗakunan da aka bari. In lokacin salla ya yi, in zaga bayan rumbu in yi abata ni kaɗai, shi kuma ya kau da kaji kada su ratsa gabana. In za a ci kaza ni yake miƙa wa wuƙa. Mu biyu a gidan da aka gina wa mutum talatin.

Fatar farko da na ɗaura da hannuna ta akuya ce, na jiƙa ta, na kankare gashin sumul, har ina jin kaina. Na ja igiya iya ƙarfina tana ɗanya, na kai rana. Kafin azahar ta tsage daga baki zuwa baki. Baba Ranau yana kallo tun ina ja, sai da ta tsage ya ce, "Ka ga hannun garma?" Daga nan ya nuna mini ja kaɗan-kaɗan, yau da gobe, har ta sami kanta. Ya nuna mini zaga, siririn zaren nan da ke gicciye a fuskar ganga, wanda ke sa muryarta ta yi kurman amon da ake ji daga nesa. In ya yi sako-sako ganga ta zama tulu, in ya yi tsauri ta shaƙe. Sandar bugun mai lanƙwasa sunanta makaɗi, kamar yadda ake kiran mai riƙe da ita, Baba Ranau kuwa yakan ce a cikin makaɗan nan biyu na icen ya fi ni hankali. Hannun hagu shi ke danna fata ya ɗaga murya ko ya sauke ta, nan maganar take. Sannan ga damina, wadda ita ce lokacin aikinmu kuma ita ce maƙiyiyar fata. Raɓa kaɗan sai ta saki. Dole ka yi yawo da ɗan kara busasshe ka hura wuta ka gasa ta daga nesa-nesa, kana taɓawa sau ɗaya sau biyu kana jin ko ta dawo.

Labari ya kai Tafoki. Yayana Alhaji Sule, wanda a shekarun nan ya sayi babbar mota yana dakon siminti, ya same ni ranar da na je ganin gida. A gaban mutane ya ce, "Mamman, mu yi mamu kiɗa ake, ba mu yi ma kowa. Ka rasa abin yi sai roƙo, kuma gidan Bamaguje?" Na ce masa baya ne ya ƙi duƙawa. Ya ce da na zo ya sa ni karɓar kuɗin mota. Daga ranar aka daina kirana cin tuwo a zaure tare da maza, sai a aiko mini da nawa ɗaki. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya ƙara cewa in matso. Abin ya yi mini ciwo, yanzu ma in na tuna yana yi.

Da gabas ta fara haɗa hadari, na riga na riƙe taken manoma masu yawa, na ƙasar Ƙanƙara da na Faskari da na Sabuwa. Wata safiya Baba Ranau ya ce in rataya ganga. Maimakon ya faɗi take da baki kamar kullum, sai ya zagayo bayana ya kama wuyan hannuna, ya riƙa buga ganga da hannun nawa. Bugu biyu a ware, sannan sauran suka biyo a guje. Biyun farkon a raunane suke fitowa, don a nan hannunsa rawa yake yi, ni kuwa na ɗauka irin taɓawar nan ce da muke yi don jin ko fata ta yi zafi. Muka yi ta yi har hannuna ya riƙe.

Na ce, "Baba, ba ka ba ni bakinsa ba."

Ya ce, "Wanga babu baki."

"To na wa ne?"

"Mai shi ya sani." Ya saki hannuna ya koma ya zauna. "Ga aiken. Duk gayyar da ka tahi, ko ina ne, in ka gama taken Sarkin Noma ka buga wanga sau uku. Ka tsaya ka saurara. In ka dawo ka hwaɗa mani ko an amsa."

Na yi mamakin mutumin da ya karya dokarsa da kansa, amma ban ja ba. Shi daga wannan damina ƙafafunsa suka kumbura, bai ƙara zuwa gona ba.

Gayyar farko da na riƙe ni kaɗai a ƙasar Faskari aka yi ta, garma ta fi arba'in. A nan na gane ba a kallon garma, bayan mutane ake kallo. Makaɗi yana bin layi daga baya. Wanda ka ga kafaɗarsa ta fara sauka, ka kira shi, zai tashi. Wanda yake gaba da kowa ka ƙyale shi, in ka zuga shi zai bar 'yan'uwansa, layi ya karye. Kuma in rana ta take kada ka jera taken mutum biyu masu gasa da juna. Na yi wannan wautar sau ɗaya, suka yi ta kai wa ƙasa sara ba mai ɗagowa, har ɗayan ya kife aka ɗauke shi ranga-ranga. Matarsa ta zage ni tas, kuma da gaskiyarta. A ranar farkon nan na buga taken da ba shi da baki sau uku, na tsaya. Ba garmar da ta tashi. Tun ana ɗan jira, har manoma suka fara gunaguni ina sanyaya musu jiki. Don in rage musu jiran sai na daina yin taɓawa biyun nan na farko. Fata ta riga ta yi zafi, me zan gwada? Sai in faɗa cikin gudun kai tsaye.

Mutane suna cewa shekarar fari ita ce mummunar shekara. A wurin makaɗin noma mummunar shekara ita ce wadda kuɗi ya yi yawa, daminata ta biyu ke nan. Masu hali suka koma hayar tarakta da 'yan ƙwadago, ba mai son dawainiyar fura da tuwon gayya. Samarin da za su riƙe garma suna birni suna ɗaukar bulo. Wani ɗan Alhaji da ya dawo daga Makka da rediyo mai kaset ya ajiye ta gaban gangata ya ɗauki kiɗana, bayan mako guda na wuce ta gonarsu na ji ni a rataye a reshen ƙanya ina yi wa leburori kiɗa, ni kuwa ga ni a kan keke ba wanda ya kira ni. Gayya uku na samu a daminar gaba ɗaya, ɗaya a Damari. Tafiyar yini guda, ganga a baya, ba abokin hira sai ƙarar sarƙar keke. In na dawo bayan Pauwa sai in hango Baba Ranau a gindin ɗorawa, ya miƙe kumburarrun ƙafafu. Tun kafin in jingine keke zai ce, "An amsa?" In ce, "Ba a amsa ba, Baba." Sai ya ce in shiga in sha ruwa.

Damina ta uku aka sake kirana Damari. Na buga na Sarkin Noma, na buga aikena sau uku, na tsaya, shiru kamar kullum. Da aka tashi shan fura sai wani manomi mai suna Jatau, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, ya zo ya tsuguna kusa da ni bai ko ɗauki ludayi ba.

Ya ce, "Malam, wanga taken da kake tsayawa a kai, wa aka ba shi yanzu?"

Na ce ban san mai shi ba, aike ne Baba Ranau ya ba ni.

"Ranau ya aiko ka? Haka ya ba ka shi, babu kai?"

Na ce wane kai?

Jatau ya ajiye garmarsa, ya faɗa da baki, a hankali, yana buga cinyarsa: "Nomau, garma ba ta kwana daji." Ya sake: "No-mau." Bugu biyu a ware, sannan sauran a guje.

Sunan nan na san shi. Nomau shi ne ɗan farin Baba Ranau. Jatau ɗan kawun Nomau ne, a gidan su Jatau aka riƙe Nomau tun daga yaye, a gonakin Damari ya yi ƙarfi har ya sami take, shi ya sa mutanen Pauwa ba su san taken ba. Ni da nake da 'yar fari wadda ban taɓa kiran sunanta ba saboda kunya, yaya aka yi ban gane ba? Uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari. Ganga kuwa magana take yi, in uba ya buga sunan da hannunsa ya faɗa ke nan. A da ƙanen Baba Ranau ne ke bugawa. Da ƙanen ya rasu sai tsoho ya rasa mai kira masa ɗansa, har Allah ya kawo masa ɗan haye mai gemu. Shi ya sa ya ari hannuna, shi ya sa nasa ke rawa a bugu biyun nan. Ni kuwa su na zubar.

Na ce wa Jatau zan gyara tun daga yau. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Ka makara da shekara guda. Bara, ranar da ka yi kiɗa a nan, Nomau shina cikin garin ga. Da motar kaya ya sauka da sahe. Ikko ba ta yi mashi daɗi ba, daga shi sai rigar wuyanshi, kunya ta hana shi wucewa gida. Muna zaune ƙohwar gidanmu muka jiyo ganga. Ya miƙe tsaye. Sau uku ka buga, sau uku shina jira. Sai ya ce mani, 'Jatau, ka ji? Tsoho ya cire sunana, ya ba wani takena.' Na ce mu je mu tambaya, ya ƙi. Ya sa na rantse ba ni aika ma tsoho. Da la'asar ya hau wata motar. Duk wanda ya ji ka a garin ga haka ya ɗauka, aka yi shiru don girman Ranau."

Ban san yadda na ƙarasa gayyar ba. Washegari na kama hanya, ina tuƙa keke ina shirya ƙarya. In ce ba a amsa ba, ai gaskiya ce, ba a amsa ba. Tsoho ya mutu da sa ransa, ni in zauna da abina. Har na hango ɗorawa ban yanke ba.

Ya ce, "An amsa?"

Na jingine keke, na tsuguna gabansa, na faɗa masa duka. Na faɗi bugu biyun da na zubar da dalilin zubarwar, na faɗi motar kaya, na faɗi abin da yaron ya ce. Sunan kawai na tsallake. Na jira ya zage ni, da zagin ya fi mini sauƙi.

Can ya ce, "Shina da rai ke nan."

Na ce, "Bara dai yana da rai, Baba."

"Laihina ne. Na ba ka hannu na hana ka baki." Ya ɗan nisa. "Miƙo ta."

Na kwance ganga na ɗora masa a cinya, na ba shi makaɗi. Na ɗauka gyara zai nuna mini, har na miƙa wuyan hannuna. Ya ture shi. Ya danna fata da hagunsa, ya ɗaga sanda, ya buga biyun nan da kansa, da ƙarfin da ban taɓa jin ya buga komai da shi ba. No-mau. Kaji suka watse. Tsohon da ya shekara talatin da wani abu bai kira ɗansa ba ya kira shi sau uku a ƙofar gidansa, rana tsaka, ya tsaya yana saurare. Ba abin da muka ji sai iska cikin dawa. Na sunkuyar da kai, don kunyar da ya ajiye ni ta kama.

Ya miƙo mini ganga ya ce, "Ka ji su? Kada ka ƙara yada su."

Kafin a gama yankan dawa a shekarar ya rasu. Ƙaramin ɗan ya zo daga Kaduna ya kwana biyu ya koma, ya ce in riƙe gangar, shi ba shi da wurin ajiye ta. Na ci gaba da zuwa gayya har ta ƙare a ƙasar nan, kuma ba inda na taɓa tsallake aiken. Na sa direbobin Alhaji Sule masu zuwa Ikko su yi mini cigiyar Nomau, suka ce Ikko ba Tafoki ba ce. Har yau in damina ta faɗi nakan gasa fata in fita bayan gida in buga, ko da ba garma ko ɗaya a gabana. Masu taken da na riƙe duk sun mutu, na daina kiransu. Nomau kaɗai ne ban ji mutuwarsa ba.

To ga ganga nan a rataye, ba zan tafi da ita kabari ba. Wanda yake so a cikinku zan koya masa, ko yana da gemu ko ba shi da shi, ladata kuwa kun riga kun ji ta. Amma ba mai taɓa fata sai bakinsa ya iya. Kai mai dariyar jiya, matso nan. Ce Nomau. Ɗaga murya, ba ni kake gaya wa ba. Sau uku za ka faɗa, sannan ka yi shiru mu saurara.